Fartanya: Sunanta da Aikinta a Gidajenmu

Yau za mu yi magana a kan wani abu da yake jingine a bayan rumbu a kusan kowane gida, daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia. Wannan abu shi ne fartanya.

Yawancinmu Hausa ba harshen uwarmu ba ne. Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam, kowa yana da sunan da yake kiranta da shi a gida. Amma in mun je kasuwa, da Hausa muke ciniki. Saboda haka sau da yawa mukan kira kowane ƙarfen noma fartanya, alhali kowanne da sunansa da aikinsa.

Fartanya ita ce ƙarama, mai gajeriyar ƙota, wadda muke sunkuyawa mu cire ciyawa da ita. Ƙota ita ce itacen da muke riƙewa, ƙarfen kuwa ana ce da shi ruwan fartanya. A wajen Sakkwato da Katsina da ƙasar Nijar za ku fi jin ana cewa hauya. Garma, ko galma, ita ce babba mai faɗin ruwa, da ita ake huɗa ana tā da kunya. In an ɗaura wa shanu irinta, sai a ce garmar shanu. Akwai kuma sungumi mai doguwar ƙota, na saran ramin shuka. Wanda ya aiki yaro wurin maƙeri ya sayo fartanya, alhali kunyar doya yake so ya tayar, ya yi asarar kuɗinsa da yininsa.

Kalmar noma ma tana da ma'ana biyu. Akwai noma, wato dukan sana'ar. Akwai kuma noma, wato cire ciyawa da fartanya bayan shuka ta tsiro. In an koma karo na biyu, shi ne maimai. Shi ya sa manomi zai ce ya gama shuka amma bai yi noma ba tukuna.

Aikin fartanya bai tsaya a gona ba. Da ita muke gyara lambun bayan gida, mu tone gwaza da dankali da citta. Da ita muke kwaɓa ƙasar gini, mu buɗe wa ruwa hanya kafin damina ta kankama. 'Yan makaranta sukan tafi da ita ranar share fili. Ranar rasuwa ma, matasan unguwa sukan ɗauke ta tare da diga da shebur zuwa wurin haƙa kabari.

A bakin mutane kuma, fartanya takan zama sunan wahala da cin halal. In mutum ya ce, "Da fartanya aka biya mini kuɗin makaranta," mun san gumin iyayensa yake nufi. In an ce tsoho ya ajiye fartanya, ƙarfinsa ne ya ƙare, nauyin gida ya koma kan 'ya'ya.

Ƙarfen nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mutanen wancan zamani suna narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Annabi Ishaya, a sura 2 aya 4, ya yi maganar ranar da za a mai da kayan yaƙi kayan noma. Mu da muka ga rikicin Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na 2011, mun san abin da yake faruwa da gida in tsoro ya hana mutum zuwa gonarsa.

Yanzu maganin feshi ya rage wa fartanya aiki, yara da yawa kuma suna jin kunyar a gan su da ita. Amma a 2023, da cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gidajen da suka noma masara, dawa, acca ko rogo a gefe sun sami abin sa wa a tukunya. Gidan da ya dogara ga amfani ɗaya kaɗai ya sha wuya.

Don haka, 'yan'uwa, ga ɗan aiki na wannan mako. Da yamma ku fito da kayan noman gidanku, ku tara yara. Bari kaka ta faɗi sunan kowanne da harshenku, ku kuma ku faɗi na Hausa. Sa'an nan ku nuna musu yadda ake riƙe ƙota, da yadda ake wasa ruwan fartanya a kan dutse.

Sai mun sake saduwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.