Juya Bayanta Kafin Ka Taya

A Faransa akwai wata saƙa ta ulu da ba a shimfiɗa ta, a bango ake rataye ta kamar hoto. Cibiyarta wani ƙaramin gari ne mai suna Aubusson. Sana'ar ta daɗe da yin sanyi lokacin da mai zane Jean Lurçat ya sauka garin a 1939. Ya rage yawan launuka, ya koma ga zare mai kauri, ya riƙa bai wa masaƙa zane mai lambobi, kowace lamba da launinta. Aiki ya yi sauri, tsada ta ragu, kasuwa ta buɗe. Zakaru da hotunan rana da yake zanawa suka cika bangwayen masu hali, masu zane irin su Jean Picart le Doux da Dom Robert suka bi sahu.

Da abin ya yi farin jini sai masu araha suka fito: wasu inji ya saƙa, wasu kuwa buga hoton kawai aka yi a kan yadi. Daga nesa duk ɗaya suke, shi ya sa masani ke fara juya bayanta.

Masaƙin Aubusson ta baya yake aiki, ba ya ganin fuskar sosai sai ya sauke. Don haka bayan saƙar hannu cike yake da guntayen zare, hoton kuma ya fito a juye, launi da launi. Ta inji tsaf take, zarenta ya miƙe daga gefe zuwa gefe. Bugaggiya kuwa bayanta fayau ne.

A bayan ne kuma ake ɗinka wani ƙyalle da suke kira bolduc, ɗauke da sunan aikin, girmansa, masaƙar da ta yi shi, kamar Tabard ko Pinton, da sa hannun mai zanen. Ni dai ban cika sakankancewa da shi ba, don ƙyalle a ɓalle a maida ne. Na fi yarda da suna da tambarin da aka saƙa cikin jikin ulun.

Batun kuɗi kuwa, sunan mai zane ne gaba, sai girma, sai lafiyarta. Ka gwada launin gaba da na baya: in bayan ya fi armashi nesa ba kusa ba, rana ta ci fuskar, farashi ya faɗi. Sannan ka ɗaga ta ga haske, ka nemi hujin asu.