Tsakanin gida da ofis: Yadda zirga-zirga ke cin albashin ma'aikatan Jami'ar Bayero

Duk wanda ya saba bin Titin Gwarzo da sanyin safiya ya san yadda hanyar ke cika tun kafin ƙarfe takwas. Cikin masu sammakon akwai malamai da akawu da masu gadi da masu shara da ma'aikatan ɗakin karatu na Jami'ar Bayero ta Kano. Da yawansu suna zaune ne a unguwannin da ake ce musu makwabtan jami'a, irin su Kabuga da Janbulo da Tudun Yola da Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Rimin Gata da Danbare. Sai dai kusancin bai hana kuɗin mota zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke lashe albashinsu ba.

Jami'a ɗaya, mazauni da yawa

Tushen lamarin yana cikin tarihin jami'ar. Ta faro ne a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello, aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962 ƙarƙashin jami'ar Zariya, sannan ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Tsohon mazauninta yana bayan ganuwar birni, daura da Kabuga. Da wuri ya yi kaɗan, sai aka buɗe sabon mazauni a kan Titin Gwarzo, wajen Rimin Gata, wanda a wancan lokaci bayan gari ne sosai. A can ofishin shugaban jami'a da yawancin tsangayoyi suke a yau. Masu koyar da aikin likita kuwa suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya kuma tana Gidan Mambayya a Gwammaja.

Saboda haka unguwar da take maƙwabciya ga wani ma'aikaci, nesa ce ga abokin aikinsa. Mazaunin Kabuga da ke aiki a tsohuwar jami'a zai iya takawa da ƙafa, amma ranar da aka mayar da shi sabuwar, lissafinsa ya sauya gaba ɗaya. Akwai kuma malaman da ke da darasi a nan, taro a can, duk a yini guda.

Gidajen cikin harabar jami'a ba sa isar kowa, kuma galibi ana raba su ne bisa muƙami da daɗewa a aiki. Ƙananan ma'aikata, waɗanda kuɗin mota ya fi yi wa nauyi, su ne suka fi zama a waje.

Sauye-sauye biyu da suka juya lissafi

Na farko shi ne hana acaɓa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta haramta ɗaukar fasinja a babur cikin birni. A Daidaita Sahu, wanda ya samo sunansa daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, shi ya maye gurbin. Bambancin kuwa babba ne. Ɗan acaɓa yana shiga lungu ya ɗauki mutum a ƙofar gidansa. Mai A Daidaita Sahu ya fi son babban titi, kuma ba ya jin daɗin tafiya sai ya cika. Wanda ke zaune can cikin Ɗorayi ko Danbare sai ya tako zuwa bakin titi, ko ya yi shata ya biya kuɗin kujerun da babu kowa.

Na biyu shi ne janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000 a wurare da dama. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, wato ya ninka sau biyu da ɗoriya, alhali fetur ya ninka kusan sau biyar.

Misalin lissafi

A ɗauka, don misali kawai, ma'aikaci yana hawa biyu kafin ya isa ofis, daga unguwa zuwa Kabuga, daga Kabuga zuwa ƙofar jami'a, kuma kowane hawa naira 300 ne. Zuwa da dawowa sun kama 1,200. A kwanakin aiki 22, kuɗin ya zama 26,400, fiye da kashi ɗaya bisa uku na mafi ƙarancin albashi. Ba a sa kuɗin shiga daga ƙofa zuwa ofis ba, ga shi sabuwar jami'a fili ce mai faɗi, tafiyar ƙafa a cikinta lokacin bazara ba ƙaramin aiki ba ne.

Mai mota ma bai tsira ba. Idan zuwa da dawowarsa kilomita 30 ne, motar kuma tana shan lita ɗaya a kilomita goma, lita uku ke nan kullum. A kan naira 900 kowace lita, ya kashe 59,400 a wata, ban da baƙin mai da taya da kanikanci. Wannan ne ya sa manyan ma'aikata da dama suka ajiye mota suka koma babur, ko suka riƙa haɗa kuɗin mai su huɗu a mota ɗaya.

Lokaci ma kuɗi ne

Kabuga ce maƙogwaron wannan yanki. A nan hanyar Gwarzo ke shiga birni, ga manyan makarantu a kewaye, ga motocin da ke fitowa daga ƙananan hukumomin yamma. Gadar ƙasa da aka gina a zangon mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu ta rage cunkoso, amma masu lodi da sauke fasinja a bakin titi suna mayar da hannun agogo baya.

Akwai abin da masu neman gida ba su cika lura da shi ba, wato alkiblar tafiya. Da safe, yawancin mazauna Rijiyar Zaki da kewaye suna nufar cikin gari ne, zuwa Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da sakatariya. Wanda ya fito daga birni zuwa sabuwar jami'a yana tafiya ne saɓanin wannan ayari. Wanda kuwa ke zaune a yamma yana aiki a tsohuwar jami'a ko asibitin koyarwa, cikin ayarin yake safe da yamma. Tazara ɗaya, wahala daban.

Damina ma tana da nata hukunci. Sababbin unguwannin da suka tsiro a kewayen jami'a sun riga kwalta da magudanan ruwa zuwa. A watan Agusta, lungun da ake ratsawa cikin minti biyar kan zama taɓo, masu A Daidaita Sahu su ƙi shiga ko su ƙara kuɗi.

Haya ko kuɗin mota?

A nan ne zaɓin yake da wuya. Kusa da ƙofar jami'a haya tana da tsada, domin ɗalibai ma suna neman ɗakuna, masu gidaje kuma sun gano cewa ba da haya ɗaki-ɗaki ya fi riba. Nesa kaɗan haya tana sauƙi, amma abin da aka rage a wurin mai gida, mai mota ne ke karɓe shi. Tarkon shi ne, haya dunƙule ake biyanta sau ɗaya a shekara, don haka ana jin zafinta, kuɗin mota kuwa ɗari-ɗari yake fita. A misalin da ya gabata, 26,400 a wata ya kama 316,800 a shekara. Gidan da ya fi tsada da naira 200,000 amma ake takawa daga gare shi zuwa ofis, shi ne mai arha.

Kafin a biya kuɗin haya, yana da kyau a gwada hanyar a ranar aiki da ƙarfe bakwai na safe, a ƙirga yawan hawa, a tambayi maƙwabta halin lungun da damina, a kuma sa makarantar yara da wurin sana'ar uwargida cikin lissafi.

Nauyin bai tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba. Motocin ma'aikata masu tashi a ƙayyadajjen lokaci, da bashin babur ko keke ta hannun ƙungiyoyin gama-kai, da tsara darussa yadda malami ba zai yi ta kai-kawo tsakanin mazauni biyu a yini ɗaya ba, duk suna hannun hukumar jami'a da ƙungiyoyin ASUU da SSANU da NASU. Kwalta da magudanan ruwa da manyan motocin haya a Titin Gwarzo kuwa aikin gwamnati ne. Idan akawu ya makara, ɗalibi ne ke jira a layi. Idan kuɗin mota ya cinye albashi, mai shagon unguwa ne ke rubuta bashi.