Idan Gwamnati Ta Karɓe Maka Fili, Me Za A Biya Ka?

Yau zan taɓo batun diyya, domin da yawanmu idan titi ya biyo ta gonarmu ko gidanmu, sai mu ɗauka abin da aka miƙo mana alfarma ce. A'a, haƙƙi ne.

Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana a karɓe wa mutum dukiyarsa da ƙarfi sai bisa doka. Kuma dole dokar ta tanadi abu biyu: a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba, sannan mai dukiyar ya samu damar zuwa kotu idan bai gamsu ba.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Idan ya soke maka izinin mallaka don amfanin jama'a, galibi ba kuɗin ƙasar za a ba ka ba, sai na abin da ka zuba a kanta: gini, rijiya, bishiyoyi, amfanin gona.

Don haka tun kafin katafila ta iso, ka ɗauki hotuna, ka ƙirga bishiyoyinka, ka adana takardun filinka, ka nemi sanarwar a rubuce. Kar ka sa hannu kan kuɗin da aka yanka maka sai ka nuna wa lauya ko mai ƙimanta kadara. In an rushe ba ka da shaida, da me za ka je kotu?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.