Kalmomin Turanci Ma Suna da Dangi

'Yan'uwa, a nan Limawa da ƙauyukan kewayen Dutse muna yawan ganin yaro mai ƙoƙari, ya san amsa sarai, amma kuskuren haruffa ya cinye masa maki. Ga shi kuwa sai da kiredit a Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO, ake samun gurbi a jami'a, har da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011.

Mu a Hausa, yadda muke faɗin kalma kusan haka muke rubuta ta. Turanci ba haka yake ba, kunne kaɗai ba ya isa. Amma akwai dabara, kuma mun riga mun san ta a harshenmu. Daga "noma" muka sami "manomi", daga "ɗinki" muka sami "maɗinki". Wannan "ma" da ke gaba malaman Hausa suna kiransa ɗafa-goshi.

Turanci ma yana da irinsa, kamar dis, mis da un. Idan za a liƙa ɗayansu, ba a ƙara harafi, ba a kuma ragewa. Dis da appear sun ba da disappear, s ɗaya ke nan. Dis da satisfied sun ba da dissatisfied, s biyu, domin kowane ɓangare ya zo da nasa. Haka misspell da unnecessary.

Dabara ta biyu ita ce neman dangin kalma. Ba a jin g a cikin sign, amma ana jinsa a signature. Ba a jin c a muscle, amma muscular ya tona shi. Yara kan manta n a government. Wanda ya tuna govern ba zai manta ba.

To, me za mu yi a gida? A ware wa yaro littafin rubutu guda, kowane shafi na dangi ɗaya. Duk kalmar da malami ya gyara masa da jar biro, ya raba ta gaɓa-gaɓa, ya nemo 'yan'uwanta a ƙamus, ya rubuta. Ko iyayen da ba su yi boko ba suna da aiki a nan: kowace yamma su ce yaro ya rufe littafin, ya rubuta kalmomi uku da ka, sa'an nan ya buɗe a gabansu a gwada harafi da harafi.