Idan Tasha ta Zo, Gari Yakan Bi Ta

Mai karatu, ka taɓa lura da yadda gari yake bin tasha? Duk inda mota ta saba tsayawa, ba a daɗewa sai mai shayi ya aza teburinsa. Bayansa sai mai ƙosai, sai mai gyaran taya, sai mai sayar da mai a kwalba. Kafin ka ankara an kafa rumfuna, an shata masallaci, wani ya gina shago. Ba wanda ya ce a yi, amma ga unguwa ta tashi.

To, unguwar da ta tashi haka, kowa ya kafa inda ya ga dama, takan zo da wahala. Hanya ta matse. Ruwan sama ya rasa mafita. Yara su riƙa ratsa motoci za su lakkol. Ranar da hukuma ta ce za ta gyara, sai rusau, sai kuka, sai shari'a. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Tsarin unguwar tasha tun ƙasa tana fili ake yin sa.

Wannan magana ta shafe mu, mu mutanen Birnin Lalle da kewaye. Garinmu tsoho ne. Nan Gobirawa suka zauna kafin su gangara kudu. Yau hatsinmu da wakenmu da bisashenmu a mota suke fita, su bi ta Dakoro ko su nufi Kornaka da Tibiri har Maraɗi. Duk wurin da ake lodi, komai ƙanƙantarsa, tasha ce, kuma ƙasar da ke kewaye da ita tana ƙara daraja.

Abin da ya faru a wasu garuruwa

Mu fara da Kano. Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911. Turawa ba su shigar da tashar cikin ganuwa ba, waje suka aza ta, gabas da birni. Kamfanoni suka kama filaye kusa da ita, suka gina kantuna da ɗakunan ajiya. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa. Sabon Gari ya tashi don baƙi ma'aikata. Cikin ƴan shekaru babban ciniki ya koma wajen ganuwa. Ka ga tasha ta ja gari. Amma wa aka tambaya? Turawa sun tsara abin don amfanin kansu, talaka bai ce uffan ba.

Sai Maraɗi. A da garin yana cikin kwari, bakin gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci garin, gidaje da yawa suka faɗi. Dole aka tashi aka koma bisa tudu, aka shata hanyoyi masu faɗi, miƙaƙƙu. Har yau in ka shiga tsakiyar Maraɗi za ka ga wannan tsari. Darasin a fili yake: ruwa ba ya mance hanyarsa.

Sai Yamai. A watan Afrilu na shekarar 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, aka gama a 2016. Amma jirgi bai kama jigilar mutane da kaya yadda aka sa rai ba. Ashe ginin tasha kaɗai ba ya kawo ciniki, sai akwai abin hawa da yake zuwa yana komawa.

Yanzu ga wani aiki kusa da mu. A watan Fabrairu na 2021 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonsa wajen kilomita 284 ne. An shata shi ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Portugal aka ba aikin. Dogon a Maraɗi aka tsara zai tsaya, ba zai zo Dakoro ba. Amma duk ranar da jirgi ya fara ɗaukar wake da bisashe daga Maraɗi, motocin da ke bin hanyarmu za su ƙaru, ƙananan tashoshinmu ma su cika.

Yaya ake tsara unguwar tasha?

Masana tsarin gari suna da wani awo mai sauƙi. Sukan tsaya bakin tasha, su yi tafiyar minti 10 a ƙafa, wajen mita 800 ke nan. Sukan yi haka gabas da yamma, kudu da arewa. Duk abin da ke cikin wannan da'ira shi ne unguwar tasha, domin nan ne mutum zai iya zuwa da kayansa a kai ko a amalanke. Kai ma kana iya wannan awo, ba ya bukatar na'ura.

Bayan awo, ga abubuwa shida da ake dubawa.

Na ɗaya, ruwa. A tambayi tsofaffi inda ruwa yake kwanciya da damina da inda yake bi. Kada a gina shago ko gida a nan. A bar wa ruwa hanyarsa, a haƙa masa lambatu.

Na biyu, hanyoyi. Babbar mota tana son wurin juyawa. In ba a bar mata ba, kan hanya za ta yi lodi, ta tare kowa. A raba ƙofar shiga da ta fita. A ware wa ƴan kabu-kabu wurinsu, masu amalanke nasu. Masu tafiya a ƙafa su samu gefensu, musamman yara da tsofaffi.

Na uku, burtali. Ƙasarmu ta manoma ce da makiyaya. Dokar makiyaya ta shekarar 2010 ta hana a toshe burtali ko a mallake shi. In tasha ta cinye hanyar da shanu suke bi zuwa rijiya, to cikin gonaki za su bi, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Wurin lodin bisashe a ware shi daban, nesa da masu abinci.

Na huɗu, masu ƙananan sana'o'i. Mai fura, mai tuwo, mai tsire, ɗan dako, su ne suka raya tashar tun ba ta da katanga. Sau da yawa in aka gina sababbin shaguna, kuɗin haya yakan fi ƙarfinsu, sai a kore su bakin hanya. Tun wajen tsari a ware masu rumfuna masu araha, a rubuta sunayen waɗanda suke wurin tun farko, maza da mata.

Na biyar, tsabta da lafiya. Wurin da mutane ɗari suke taruwa yana son famfo ko rijiya, da masai na maza daban na mata daban, da wurin zuba shara. A nisanta masai da rijiya. A dasa itatuwa don inuwa. Masu sayar da mai a kwalba a ba su wuri nesa da masu wuta, gobarar tasha ba ta da kyau.

Na shida, filin gobe. A bar wani yanki ba gini. Yau za ka ga kamar asara ce. Nan da shekara goma, in motoci sun ninka, wannan filin ne zai hana a rushe gidan wani.

Maganar ƙasa

A nan ne ake yawan cutar talaka. Mai kuɗi yakan riga kowa jin labari. Sai ya zo lokacin bazara, rumbu ya yi ƙasa, ya taya gonarka da ke bakin hanya. Kai kana ganin ka yi ciniki. Shi kuwa ya yanka ta fili-fili, kowane ɗaya ya sayar da shi kuɗin da ya fi na gonar duka. Kuɗin hannunka sun ƙare, gona ta tafi, ƴaƴanka ba su da wurin noma.

Saboda haka kada ka yi gaggawar sayarwa don ka ji jita-jita. Kada kuma ka ci bashi ka sayi fili don an ce jirgi yana zuwa, ka tuna da tashar Yamai.

Doka ta ba ka makami. A watan Maris na 1993 Nijar ta kafa dokar tsarin ƙasar karkara. Ita ce ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. Akwai na gari, wanda maigari yake shugabanta, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na gunduma. Suna ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Je ka a rubuta gonarka tun ba a fara rigima ba. In gonar gado ce, a zauna da dukan magada, har da mata, kafin a yi wata magana.

In kuma hukuma ce take son ƙasarka don aikin jama'a, tana da ikon karɓa. Amma dokar 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce sai an biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Mai takarda ya fi mai baki ƙarfi a ranar biya. Kada ka dangwala hannu a takardar da ba ka karanta ba. Amfanin karatun da kake yi ke nan.

Su wa za su zauna?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsari mai ɗorewa sai an tara maigari da masu unguwa, da ma'aikatar magajin gari, da ƙungiyar direbobi da ƴan kamasho, da ƴan kasuwa, da wakilan makiyaya, da malamai. Mata kada a bar su a baya, su ne suka fi yawa cikin masu sayar da abinci, kuma su suka san inda duhu yake ba su tsoro da dare. Abin da aka yarda da shi a rubuta, a zana taswira, a manna ta inda kowa zai gani. Kuɗin da ake karɓa a tasha a riƙa ba da takardar shaida, jama'a su san abin da ya shiga da abin da aka yi da shi.

Aikin aji

1. Ku fita ku yi tafiyar minti 10 daga inda motoci suke tsayawa a garinku. Ku rubuta abin da kuka gani.
2. Ku zana taswira a ƙasa ko a allo. Ku nuna hanya, rijiya, burtali, lakkol da inda ruwa yake kwanciya.
3. Mutum nawa ne suke cin abinci da tashar? Ku ƙidaya, maza nawa, mata nawa.
4. A cikinku wa yake da takardar gonarsa? Wanda ba shi da ita, wurin wa zai fara zuwa?