Kayan Tafiyar Ƙasa: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata hanyar ƙafa wadda ta bi ta kan jerin duwatsun Afalaciya, tun daga jahar Jojiya a kudu har jahar Meyin a arewa. Tsawonta ya kai kilomita 3,500, wato kusan sau huɗu ke nan na tsakanin Yamai da Damagaram, ta kuma ratsa jahohi 14. An gama share ta a shekarar 1937. Kowace shekara, cikin watannin Maris da Afrilu, dubban mutane sukan taso daga bakinta na kudu, kowa da abincinsa da makwancinsa goye a baya, da niyyar kai ƙarshenta cikin wata 5 zuwa 7. Bisa lissafin ƙungiyar da ke kula da hanyar, cikin mutum 4 ɗaya ne kawai ke kaiwa. Waɗansu ciwo ke mayar da su gida, waɗansu ƙarewar guzuri, waɗansu kuwa kayan da suka ɗauko ne ke karya su tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Kimanin kilomita 50 daga mafarin hanyar, a wani wuri da ake kira Neels Gap, akwai wani tsohon ginin dutse mai kantin kayan matafiya. A nan ma'aikatan kantin sukan zazzage jakar matafiyi a ƙasa, su ware abin da yake bukata daga abin da tsoro ne kawai ya sa ya ɗauko, ragowar a aika da ita gida ta gidan waya. A ƙofar ginin kuma akwai itace wanda rassansa suka cika da takalman da matafiya suka rataye. Kwana uku ko huɗu na hawa da gangara sun isa su nuna wa mutum abin da mai kanti bai gaya masa ba ranar ciniki.

Tsohuwa da jakar ɗinkin hannu

Wanda aka fara sani ya bi hanyar nan daga farko har ƙarshe a tafiya ɗaya shi ne Earl Shaffer, wani tsohon soja, a shekarar 1948. Amma wadda labarinta ya fi yaɗuwa ita ce Emma Gatewood, mutuniyar jahar Ohayo, uwar ƴaƴa 11. A shekarar 1954 ta fara gwadawa daga arewa. Cikin ƴan kwanaki ta ɓata a daji, tabaraunta ya fashe, ma'aikatan gandun daji suka ba ta shawara ta koma gida. Da shekara ta kewayo, a 1955, tana da shekara 67, sai ta sake tasowa daga kudu, ta kai ƙarshen hanya cikin kwana 146.

Kayanta ba su da yawa. Jaka ce ta yadi mai kauri wadda ta ɗinka da hannunta tana saɓawa a kafaɗa, da bargon soja, da rigar ruwa, da labulen leda na wurin wanka wanda take fakewa a ƙarƙashinsa in hadari ya taso. Takalmanta na ƙyalle ne masu tafin roba, ta kuwa kashe su da dama kafin ta kai. Ba ta ɗauki tanti ba. Ta sha sanyi ƙwarai, sau da yawa kuma mutanen ƙauyukan bakin hanya ne suka ba ta masauki da abinci, saboda haka babu mai hankalin da zai ce a kwaikwaye ta ƙafa da ƙafa. Abin lura a labarinta shi ne, duk abin da ke cikin jakarta ta san amfaninsa, tana iya ɗaukarsa yini guda, in ya yage kuma tana iya gyara shi. Da waɗannan ma'aunai ne gwanayen tafiyar ƙasa ke auna kaya har yau.

Nauyi da jakar goyo

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, kada kayan da ke bayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 ke nan kada ya wuce kilo 14. Cikin wannan lissafi har da ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce, da abinci, wanda yakan kusa kilo guda a yini. Wanda zai yi kwana 4 kafin ya sake isa gari, yana riƙe da ruwa lita 2, kilo 6 sun riga sun tafi. Sauran kilo 8 su ne na jaka da tanti da makwanci da tufafi da tukunya da risho. Shi ya sa matafiya ke aza kowane abu a kan sikeli kafin su sa shi a jaka.

Jakar goyo ta zamani ta samo asali ne a shekarar 1952, lokacin da wani kafinta a jahar Kalifoniya, Dick Kelty, ya fara haɗa jaka da sandunan alminiyom marasa nauyi da ɗamara ta ƙugu. A 1967 Greg Lowe ya shigar da sandunan cikin jakar kanta, don ta manne da baya kada ta riƙa lilo a kan duwatsu. Hikimar duka biyun ɗaya ce: a sauke yawancin nauyi daga kafaɗa a aza shi a kan ƙugu, inda ƙashi ya fi ƙarfi. Don haka mai sayen jaka ya fara auna tsawon bayansa, daga ƙashin nan da ke fitowa a gindin wuya in an sunkuya har zuwa saman ƙashin ƙugu, gama jaka ma lamba gare ta kamar takalmi. Sa'an nan ya zuba mata nauyin kilo 10 a cikin kantin, ya ɗaura ɗamarar, ya yi ta kai da kawowa. In ya ji kafaɗa ce ke ɗauke da kayan, wannan jaka ba tasa ba ce. Mai cin lita 50 zuwa 65 ta isa doguwar tafiya. Babbar jaka tana da wani aibi, wato duk inda aka ga sarari sai an nemi abin cusawa.

Takalmi

A shekarar 1935 mutum 6 suka halaka a duwatsun Alf na Italiya, aka kuma ɗora wani sashe na laifin a kan takalman da suke sanye da su. Abokin hawansu Vitale Bramani ya duƙufa har ya fito da tafin takalmi na roba mai haƙora a 1937, wanda ake sayarwa da sunan Vibram. Tun daga nan tafin takalmi ya zama abin da ake fara dubawa: ya kama dutse mai santsi, kuma kada ya ɓamɓare daga jikin takalmin.

A da, takalmin fata mai nauyi wanda ya rufe idon sawu shi ake ɗauka na matafiyi. Yanzu yawancin masu bin hanyar Afalaciya sun koma ga takalma marasa nauyi irin na gudu, saboda bincike ya nuna nauyin da ke ƙafa ya fi gajiyar da mutum kusan sau biyar a kan irinsa da ke baya, kuma marar nauyi ya fi saurin bushewa in an ratsa rafi. Sai dai ba ya daɗewa. Bayan kilomita 600 zuwa 800 tafinsa ya suɗe, don haka mai bin hanyar duka yakan kashe ƙafa 4 ko 5. Kowane iri aka zaɓa, a gwada shi da marece lokacin da ƙafa ta kumbura, da irin safar da za a yi tafiya da ita, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban ƴan yatsu. Ƙafar mai doguwar tafiya takan ƙara faɗi, takalmin da ya matse kuwa a gangara yake cire farce. Kada a soma tafiya da sabon takalmi. A yi makonni ana yawo da shi tukuna, a ga inda yake sa bororo.

Tufafi da makwanci

Duwatsun Afalaciya wuri ne mai yawan ruwan sama da sanyi. A irin wannan wuri auduga abokiyar gaba ce, gama tana shan gumi da ruwa ta riƙe, in iska ta buso sai zafin jiki ya zube, mutum ya kama makyarkyata, hankalinsa ya rikice, wani lokaci har ya kai ga mutuwa ko da ƙanƙara ba ta sauka ba. Ulu da zaren roba su ne ake sawa a jikin fata, a aza riga mai ɗumi, a aza rigar ruwa a sama. Riguna marasa kauri bisa juna sun fi babbar riga guda, don ana iya ragewa ko ƙarawa.

Makwancin matafiyi wani irin buhu ne mai zif wanda ake shiga ciki. Akan cika shi da lallausan gashin agwagwa ko na dinya, ko kuma da zaren roba. Na gashi ya fi ɗumi, ya fi rashin nauyi, amma in ya jiƙe ya tashi daga aiki. Na roba ya fi nauyi da araha, yana kuma riƙe ɗan ɗumi ko a jiƙe. Kowanne yana ɗauke da lambar sanyin da zai iya tarewa, mai wayo kuwa yakan zaɓi wanda ya zarce sanyin da yake tsammani. A ƙarƙashinsa dole a shimfiɗa ƴar katifar soso ko ta iska, domin ƙasa tana tsotse ɗumin mai barci. Game da tanti, a dubi ɗinkinsa ko an liƙe shi yadda ruwa ba ya bi, a kuma koyi kafa shi cikin duhu da iska tun ana gida.

Ruwa, taswira da waya

Ruwan rafi komai haskensa yana iya ɗauke da ƙwayoyin zawo. Ƴar matatar da matafiya ke ɗaura wa bakin gora tana tare yawancinsu, amma ba ta tare mafi ƙanƙanta, wato birus, kuma in ruwan da ke cikinta ya daskare da dare takan tsage daga ciki ba a gani. Saboda haka a riƙe hanya ta biyu: ƙwayar kulorin, wadda ake jira minti 30 bayan an jefa ta, ko tafasa ruwan minti guda cur.

Wayar salula ta zama taswirar matafiya da yawa, amma batir yana ƙarewa, layi kuma ba ya kai ko'ina. A watan Yuli na 2013 wata mata mai shekara 66 ta ratse kaɗan daga hanyar a dajin Meyin, ta kasa komawa. Saƙonnin neman taimako da ta rubuta a waya ba su fita ba. Littafin da take rubutu a ciki ya nuna ta yi kusan wata guda da rai a tantinta, ba a gano gawarta ba sai a watan Oktoba na 2015, ƴan kilomita kaɗan daga hanyar. Taswirar takarda, da kamfas mai nuna arewa, da usur, da tocila, duka ba su kai rabin kilo ba, amma sai wanda ya koyi aiki da su tun kafin ya tashi suke yi wa rana.

Abin da matafiyin Sahel zai ɗauka

Ma'aunan nan ba baƙi ba ne ga ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, inda maza ke yin yawancin tafiyar a ƙasa suna jan raƙuma. Salka da igiya da takalmin fata duk abubuwa ne da madugu ya sani ciki da waje, in sun lalace kuma ana gyara su a zango da basilla da tsirkiya. Guzurinsu na gero da dabino da cuku ba shi da nauyi, ba ya kuma ruɓewa. Amma kayan da aka yi domin wata ƙasa ba a kwaso su haka nan. Audugar da ke kisa a Afalaciya, ita ce mai kyau a zafin rana na busasshiyar ƙasa, in rigar tana da yalwa ta kuma rufe jiki. Lita 2 da ke isar matafiyin can, wanda ke gamuwa da rafi sau da yawa a yini, ba ta kai mutum azahar a bazarar nan, don haka bidon ruwa ne ke cin rabo mafi girma na nauyi. Mai hawa duwatsun Bagzan cikin watan Disamba ko Janairu kuwa yana bukatar makwanci mai ɗumi, gama sanyin dare a can yakan kusa daskarar da ruwa.

Gwaji kafin tashi

Wuraren da kaya ke fara mutuwa sanannu ne: zif, da bakin ɗinki inda maɗauri ya haɗu da jaka, da maɓallan roba, da tafin takalmi. Mai saye ya ja su da ƙarfi a gaban mai kanti, ya juya jakar ya dubi ɗinkin ciki ko an maimaita shi. Ya tanadi allura da zare mai ƙarfi da liƙi da ƴar igiya. In kuɗinsa kaɗan ne, ya fara da takalmi, sa'an nan jaka, sa'an nan makwanci, sauran kuwa na hannu ko na gida suna iya yi. Bayan haka ya haɗa kayan duka ya yi tafiyar kwana 2 kusa da gida, ya kwana a waje, ya dafa abinci da rishonsa, in da hali ruwa ya dake shi. Da ya dawo ya zazzage jakar: abin da bai taɓa ba ya ajiye shi, ban da magani da rigar ruwa da kamfas, abin da ya ba shi wahala ya sake shi tun yana kusa da kasuwa. Daga nan sai ya ƙara kwanaki, ya sake gwadawa, har jakar ta zama babu abin da zai cire, babu kuma abin da zai nema a tsakiyar daji ya rasa.