Kafireto a Kan Injin Injekta: Cinikin Gyaran Motocin Lodi a Birnin Kudu da Gwaram

Mai son sanin ƙarfin kasuwar Sara, a ƙaramar hukumar Gwaram, ya dubi bakin titi tun kafin ya shiga rumfuna. Motocin da ke jere a wurin, a-kori-kura da J5 da tsofaffin Hilux da Golf da 'yan ƙananan kurkura, su ke kwaso gero da dawa da riɗi da awaki daga ƙauyuka, su kuma ke fitar da su zuwa Birnin Kudu, daga can a miƙa Kano ta Wudil ko a gangara Bauchi ta Ningi. Da wuya ka ga sabuwa a cikinsu. Yawancinsu sun sha aiki a Turai ko Japan kafin a sauke su a Kwatano ko Legas. A bayan wannan kasuwa ta hatsi da dabbobi akwai wata da ba ta jiran ranar ci, domin kullum a cike take: garejin kanikawa, shagunan kayan gyara, teburin rewaya, rumfar mai walda da ta mai faci. Cikin ayyukan da ake yi a wannan layi akwai wanda masu ilimin injiniya kan yi tir da shi, wato a cire wa mota injekta a ɗora mata kafireto. A ganina mai motar da ya zaɓi haka ya yi lissafinsa da hankali, domin abin da yake saya da kuɗinsa shi ne mota mai gyaruwa a duk inda ta mutu.

Injekta ta shigo mana ne da ƙa'idojin wata nahiya. Tun daga 1992 dokar hayaƙi ta Turai ta sa kamfanoni saka matatar hayaƙi a salansa, ita kuwa ba ta aiki sai an auna fetur da iska daidai, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Kafireto ba ya iya riƙe wannan awo, shi ya sa aka miƙa aikin ga ƙaramar kwamfutar da kanikawa ke kira burenbos. Ita ke sauraron na'urorin da ke gaya mata zafin inji da yawan iska da juyin inji, sannan ta buɗe nozul gwargwadon buƙata. Tsari ne mai kyau matuƙar mai na da tsabta kuma wayoyi na da lafiya. To amma motar da ta shekara talatin, wayoyinta sun bushe, an sha yanka su ana ɗaurewa da salatif, tana shaƙar ƙurar hunturu, da damina ta tsunduma cikin kwazazzabo, mai kuma sau da yawa daga jarkar ɗan bumburutu ake zuba mata. Ko man gidan mai ba kullum yake da tabbas ba. A watan Fabrairun 2022 hukumar kula da man fetur da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, kuma motoci sun ji jiki. Ƙasa kaɗan ta isa ta toshe nozul, waya ɗaya ta saki ta isa ta hana mota tashi, kuma babu abin da ido zai gani.

A nan ne yanayin kasuwar yake yanke hukunci. Babban rumbun kayan gyara na wannan yanki shi ne Ƙofar Ruwa a Kano, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Birnin Kudu, daga Gwaram kuwa ta fi haka. Mai shago a nan yakan ajiye abin da ke tafiya kullum: fulogi, belt, tacin mai, takalmin birki, bakin mai. Abin da ya wuce wannan sai a buga waya Kano, a tura kuɗi, a ba direban tasha ya taho da shi. Kayan ƙarfe na Beljiyam, wato tsofaffin da aka kwance daga motocin waje, bakanike na iya juya su a hannu ya san lafiyarsu. Burenbos kuwa akwati ne rufaffe, sai lambarsa ta dace da ta injin, kuma kayan wuta ba kasafai ake karɓarsu ba idan an mayar. Inda babu na'urar da za a jona ta faɗi ciwon, sai a koma canke: yau a canza famfon mai, gobe kwayil, jibi burenbos, mota na kwance, yaron mota na zaune, kasuwa ta ci ta watse ba a yi lodi ko ɗaya ba. Shi kuwa kafireto, duk wanda ya koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975, zai kwance shi a gindin bishiya da sukudireba, ya wanke da fetur, ya busa jet, ya mayar, mota ta tashi.

Aikin juyawar kansa yana da sauƙi ne saboda kamfanoni sun daɗe suna yin inji ɗaya iri biyu. Toyota ta yi 22R da 4Y masu kafireto, ta kuma yi 22R-E da 4Y-E masu injekta a kan gangar inji guda; injin Golf 3 mai lita 1.8 ɗan gida ɗaya ne da na Golf 2. Saboda haka sai a samo manifol da kafireton tsohon yayi, ko mai walda ya yanka farantin da zai haɗa su, a gyara wayar totur, a canza famfon mai, a daidaita sulo. Sai kuma batun wuta, wanda shi ne babbar shaidata. Da an cire burenbos babu mai sarrafa tayimin, dole a kawo distiributa mai yin wannan aiki da kansa. Bakanike mai hankali ba ya komawa ga kwantak da kwandansa, domin ya san kwantak na cinyewa, gibinsa na gocewa, sai an riƙa goge shi ana saitawa. Yakan nemi distiributa mai maganaɗisu da ɗan akwatin da ke kunna kwayil, wanda babu abin da ke gugar wani a cikinsa. Wannan ma ai lantarki ne irin na zamani. An karɓe shi hannu bibbiyu domin ƙarami ne, yana da arha, wayoyinsa kaɗan ne, kuma direba na iya ajiye na biyu a cikin mota. Ashe ba zamani kanikawan nan suke gudu ba, abin da ba su da kayan binciken ciwonsa suke kauce wa.

Masu suka za su ce kafireto na shan mai, kuma gaskiya suka faɗa. Wanda aka aro daga wani inji ya fi muni, domin jet ɗinsa ba na wannan injin ba ne, ga shi ana yawan buɗe shi da yawa don mota ta ja lodi. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan asara ce da ake iya haɗiyewa. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka ya sake ninkawa har ya haura naira 1,000 a 2024, ƙarin da ake ƙonawa a kowane sawu ya zama kuɗi na gaske, kuma a kan buhun manomi yake ƙarewa. Wannan suka tana da nauyi, har ma ina ganin ga motar da ke zirga-zirga a kwalta tsakanin Birnin Kudu da Kano, inda mai na'urar bincike yake kusa, juyawar ta daina biyan kanta. Amma ba daidai ba ne a gwada kafireto da injekta mai lafiya. Wadda ake cirewa galibi ta riga ta lalace, an cire mata na'urar salansa, burenbos na zuba mai a makance, baƙin hayaƙi na fita. Mai motar da ke shiga ƙauyukan Fagam da Basirka da damina yana auna man da zai ƙaru ne da kwanan da zai yi a daji da kayan mutane a bayansa.

Sukar da ba ni da amsarta ita ce ta ganganci. Famfon injekta yana tura mai da ƙarfin da ya kai bar 3 a ma'aunin matsi, kafireto kuwa ko rabin bar ɗaya ba ya buƙata. Bakaniken da ya bar tsohon famfo don rage wa mai mota kuɗi, ya matse tiyo da waya, ya ɗora kafireto a saman manifol mai zafi, ya haɗa gobara ne yana jiran ranarta, a motar da kan ɗauki mutane a saman buhuna. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi suna da ikon hana wannan a garejinsu ba tare da jiran gwamnati ba. Sauran kuma batun kayan aiki ne. Na'urar binciken mota ta hannu yanzu ba ta fi ƙarfin gareji guda ba, wasu ma da wayar salula suke aiki, sai dai motocin farkon shekarun 1990 da yawa ba sa karɓar irin ta gama-gari, sai rewaya ya iya karanta taswirar wayoyi ya yi awo da mita. Hukumar NADDC, mai kula da harkar ƙera motoci, tana horar da kanikawa. Irin wannan horo ya kamata ya iso Birnin Kudu da Gwaram, a kuma fara da matasan rewaya, domin motocin da ke shigowa yanzu, masu giya mai canza kanta da makulli mai lamba, ba sa juyuwa zuwa kafireto cikin sauƙi kamar Golf da Hilux na da.